Gida Huɗu a Fili Ɗaya

Baba ya sa farcensa a ƙarƙashin rufin kwalin ya ɗaga shi a hankali, ya sunkuya har hancinsa ya kusa taɓa bangon, yana leƙen ɗakunan da ke ciki. Mutanen layinmu sun kewaye teburin aikinsa, wanda muka jawo ƙofar gida da la'asar don kowa ya gani. Mako uku na yi ina yankan kwalin nan ina liƙawa. Layinmu ne gaba ɗaya, gida goma sha biyu, yadda zai koma idan sun yarda.

"Auta, wannan matakalar taki ta 'yan ƙwallo ce," in ji shi. "Tsoho ya hau ta sau biyu, na uku sai dai a sauko da shi."

Aka kwashe da dariya. Na ce ai shi ya sa tsofaffi a ƙasa za su zauna. Ya ce su ma yaran da zan ɗora a sama, tsufa na nan yana jiransu. Shekara arba'in ya yi yana kafinta. Idon ya fara gajiya, amma yatsun ba sa ƙarya. Na ciro biro na rubuta a tafin hannuna cewa a rage tsayin kowane taki.

Filayen layinmu dogaye ne. A gaba tsohon gida, a baya 'yan ɗakunan haya da aka ƙara da langa-langa, sai kango inda ake jibge tsofaffin tayoyi da karyayyun kujeru. Dokar unguwar ta ce fili ɗaya gida ɗaya, tun lokacin da nan ne bakin gari. Yanzu gari ya zagaye mu ya wuce. Malaman makarantar da ke ƙarshen layin da ma'aikatan asibitin da ke bayanmu daga can gefen gari suke zuwa, mota biyu kowace safiya, domin haya a kusa ta fi ƙarfinsu. Abin da na zana bene ne mai hawa ɗaya, sashe huɗu a kowane fili, biyu a ƙasa biyu a sama, tsayinsa bai wuce na bishiyoyin bakin titi ba. Tsakar gida ɗaya ta kowa, da famfo da wurin shanya, da shago a gaba don mai sana'a. Mai fili zai karɓi sashe ɗaya a ƙasa ya zama nasa, sauran ukun kamfani ya ba da su haya mai sauƙi.

Mai kamfanin yana zaune a kan benci a tsakiyar dattawa, yana shan ruwa a kofin Baba. Malam muke ce masa, domin shi ya koya mini zanen gine-gine a jami'a kafin ya bar koyarwa ya buɗe ofis ya ɗauke ni aiki. Daga bakinsa na fara jin cewa garin da ke korar masu yi masa hidima zuwa bayan gari, kansa yake yi wa asara. Ina aji biyu na rubuta maganar a bangon littafina. A taron nan namu bai yi dogon jawabi ba. Ya ce aikin na 'yarsu ne, shi ɗan rakiya ne kawai.

Can sai Gwaggo ta yi gyaran murya daga baya. Ba ƙanwar Baba ba ce. 'Yar haya ce a ɗakinmu na baya, tela, shekara ashirin da biyu tana can. Ina da shekara shida mahaifiyata ta rasu, kuma a gindin kekenta na ɗinki na girma, ina tsintar guntayen yadi ina jera su a ƙasa ina cewa ɗakuna ne. Ta ce ta ji rabon masu fili, ta ji na kamfani. Su da ba su da ko taku ɗaya na ƙasa fa, idan an rushe ɗakunan baya, ina za su?

Na buɗe jakata na ciro takarda. Na bi gida-gida na rubuta sunayen 'yan hayan layin, iyali goma sha tara. Na ce su za a fara bai wa sababbin sassan, a kan hayar da ba za ta yi nisa da wadda suke biya ba, kuma takardar nan za a liƙa ta a jikin yarjejeniya. Na dubi Malam, ya gyaɗa kai.

"Ni ban san takarda ba," in ji Gwaggo. "Ke na sani. Kin ce zan dawo?"

"Za ki dawo, Gwaggo."

"To shi ke nan."

A cikin masu fili, mai gugan layinmu ne ya fara sa hannu, yana cewa in dai Autar kafinta ce ta zana, ko a kan ruwa ne zai shiga.

* * *

Ni na tsaya gaban hukumar tsara birni na yi bayani. Na nuna musu hoton malamar firamare tana jiran mota tun gari bai gama wayewa ba, na nuna sunaye goma sha tara. Suka ɗage mana dokar fili ɗaya gida ɗaya, saboda gidaje ne masu araha. A mota muna dawowa Malam ya ce ko shi ba zai iya abin da na yi ba. Na juya fuskata wajen taga don kada ya ga yadda nake murmushi.

Aka watse daga layin na wata goma sha takwas don a yi ginin. Baba ya kama ɗaki a layi na uku. Gwaggo ba ta samu a kusa ba, sai can gefen gari, bayan tashar manyan motoci. Ni na riƙe kan kekenta a cinyata a bayan a-kori-kura har muka isa. Ɗakin ƙarami ne, ga ƙarar injin niƙa a maƙwabta. Ta ce ba komai, wanda ya san ranar tashinsa ba ya ƙorafin masauki.

Watannin farko su ne mafi daɗi a rayuwata. Kullum ina wurin gini da hular kwano, ina kallon layukan da na ja a takarda suna zama bulo. Yayana, wanda ya shekara biyu ba aiki tun da aka sayar da motar da yake tuƙawa, Malam ya ba shi tsaron ma'ajiyar kaya, ban ma roƙa ba. Baba kuwa ya naɗa kansa mai duba aiki ba albashi. Yakan zo da sandarsa ya shafa ƙyauren da aka kafa, ya ce wa kafintocin ko ƙofar kejin kaji ba a yin ta haka. Suna ce masa Sufeto, suna ajiye masa kujera. Ranar da aka zuba matakala ta farko ya hau har sama ya sauko, bai ce komai ba. A wajen Baba yabo ke nan.

Gini ya kai rufi sai Malam ya kira ni ya ce akwai wata makaranta da za a gina a wani gari, ba wanda ya amince wa sai ni. Wata biyar kawai. Abin da ya rage a layinmu fenti ne da wayoyin lantarki, ba sai na tsaya ba. Na ɗauka ƙarin girma ne. Duk mako nakan kira Yaya, ya ce komai lafiya.

* * *

Da na dawo, daga tasha ban je gida ba, na wuce layin da jakata a kafaɗa. Daga nesa gidajen suna nan yadda na zana su, gajeru, masu kyau, bishiyoyi na shafar barandarsu. Da na matso na ga an sa ƙofar ƙarfe a bakin layin da wata a ƙarshensa. Tsakar gidan farko da na leƙa an shafe ta da siminti an ja farin layi na ajiye motoci, ba famfo ba wurin shanya. Shagon gaba ya koma ɗakin mai gadi. A kowace taga an rataya na'urar sanyaya ɗaki, a gidajen da na ɓata wata guda ina juya su don iska ta ratsa su da kanta. Wani da ban sani ba yana kafa allo: masauki na alfarma, kwana ɗaya ko mako ko wata.

Na tarar da Malam a ofis yana shan shayi. Bai nuna mamaki ba. Ya ce in zauna, na ƙi. Ya yi mini bayani da muryar da yake koyarwa da ita: siminti ya tashi, waɗanda suka fara zuba jari sun janye, sababbin da suka shigo da sharaɗinsu suka zo. Ya ce takardar izini ta ce gidaje masu araha, amma ba ta ce araha ga wa ba; idan aka gwada da otal ɗin tsakiyar gari, ai araha ne. Na ce sunaye goma sha tara fa? Ya jawo durowa ya miƙo mini yarjejeniyar. Na buɗe ta har shafin ƙarshe, na sake buɗewa daga farko. Takardar ba ta ciki. A madadinta akwai wata da ban taɓa gani ba, wadda ta ba kamfani ikon sarrafa sassansa yadda ya ga dama, da sa hannun masu fili goma sha biyu. Na duba kwanan watan. An sa hannun ne tun ana haƙa tushe, kafin siminti ya tashi, kafin kowa ya janye.

"Malam, tun farko ka san haka za a yi."

Ya ajiye kofin. "Na san abubuwa suna canzawa. Ke zane kika iya, kuma kin iya shi. Dubi layin nan yanzu, ki tuna yadda yake. Za ki ce ban gyara shi ba?"

"Me ya sa ni? Akwai waɗanda suka fi ni daɗewa a ofishin nan."

Ya daɗe yana kallona, kallon da yakan yi wa ɗalibin da ya yi tambayar da amsarta ke kan allo.

"Da wani na aika, wa zai sa hannu?"

Ban san lokacin da na sauko daga benen ba. A bakin titi na tsaya, motoci na wucewa, ina jin kamar an tuɓe ni a kasuwa. Da ɗan gari akan ci gari. Tun ina yarinya nake jin karin maganar nan, ban taɓa tunanin yadda ɗan garin yake ji ba idan shi ma bai san an ci da shi ba.

* * *

Yaya bai musa ba. A bayan ma'ajiya na same shi, sanye da riga mai tambarin kamfani. An riga an naɗa shi mai kula da masaukin. Shi ya bi gida-gida da takarda ta biyu. An ce masa gyaran rubutu ne, ya ce ya yarda, ko da yake daga baya ya gane. Na tambaye shi Baba fa, wanda ba ya ganin ƙananan haruffa? Ya sunkuyar da kai. Ya ce Baba tambaya ɗaya ya yi, ko Auta ta gani. Shi kuma ya ce masa na gani. Haka ya faɗa wa sauran sha ɗayan.

Ya ce in dube shi, yara huɗu, shekara biyu matarsa ce ke ciyar da gida. Ya ce da bai kai ba wani zai kai. Na so in zage shi, na rasa kalmar da ba za ta dawo kaina ba.

Na ajiye aiki. Na koma hukuma, jami'in da ya tafa mini a da ya buɗe fayil ya ce tsayi daidai, sassa arba'in da takwas daidai, matakala daidai. Su gini suke dubawa, wanda ke kwana ciki ba huruminsu ba ne. Lauya ta saurare ni har ƙarshe, ta ce za a iya gwadawa, amma shekaru za a ɗauka, kuma shaidar farko da za a kira a kan alkawarin baki ni ce, domin ni na yi shi.

Masu fili sun karɓi sassansu, wannan kam ba a hana su ba. Sai dai kowane wata akwai kuɗin gadi da na janareta da na shara, kuma an hana shanya a waje, an hana sana'a a ƙofar gida. Mai guga ya yi wata biyu ba inda zai kafa teburinsa, ya sayar wa kamfani ya tashi. Ranar da yake loda kaya na gaishe shi, ya amsa yana kallon igiyar da yake ɗaurewa. Bayansa wasu shida suka bi. 'Yan haya kuwa wasu sun zo da kansu sun tsaya a bakin ƙofar ƙarfen, mai gadi ya ba su takarda mai hoton gado da farashin kwana ɗaya.

Baba ya ƙi sayarwa. Teburin aikinsa bai samu wuri ba, yana jingine a bayan ƙofa, ƙafafu a sama. Yakan zauna a baranda yana kallon baƙi na jan akwatuna masu taya, ba wanda ya san shi balle ya ce masa Sufeto. Wata rana da hantsi na durƙusa gabansa na ce ya yafe mini, wallahi ban sani ba.

"Na san ba ki sani ba," in ji shi. "Ban ce kin yi ƙarya ba. Amma da bakinki muka ji."

Gwaggo ta yi ta kirana a waya. Nakan kalli sunanta a fuskar wayar har ta gaji ta katse. Sau biyu na hau motar zuwa wajenta, sau biyu na sauka a hanya. Daga baya ta daina kira.

* * *

Wata huɗu bayan haka na kai wa Baba maganin ido. Ina fitowa na ji motsi a sashen da ke kusa da nasa, wanda a takardata lamba ta ɗaya ce a jikinsa, da sunan Gwaggo. Ƙofar a buɗe take. Na leƙa.

Tana tsaye a kan kujera, ta tuɓe takalmanta ta ajiye a bakin ƙofa don kada ta ɓata tayil, tef ɗin awo a wuyanta, fensir a bayan kunne. Ta rame. Yaya ne ya nemo mata aikin, na ji daga baya: za a canza labulen sassa goma, ya ce ya san tela mai hannu. A ganinsa alheri ya yi mata, kuma wataƙila alherin ne, domin a inda take ba mai kawo ɗinki. Mota biyu ta hau ta zo.

Ta juyo ta gan ni. Na jira ta yi faɗa, ko ta yi kuka, ko ta tambaye ni dalili. Na tanadi amsoshi wata da watanni. Ta ce ina wuni, ya jikin Baba, ya aiki. Na ce na bar aikin. Ta ce Allah ya kawo wani. Ta dubi ɗakin, farin gado da aka gyara ba ko lanƙwasa, da tawul biyu a naɗe a kansa, da hasken da ke kwance a ƙasa.

"Nan ne?" ta tambaya.

"Nan ne, Gwaggo."

Ta gyaɗa kai a hankali. "Kin iya aiki. Ɗakin ya yi kyau."

Na shiga ciki na tsaya kusa da kujerar. Mai gadi ya leƙo ya ce wa tela ta hanzarta, baƙon da ya kama sashen yana hanya, kuma in ta gama ta bi ta ƙofar baya. Ta ce to, ranka ya daɗe, saura taga ɗaya. Ta zare tef ɗin daga wuyanta, ta gwada miƙa hannu zuwa ɗaya gefen, hannun bai kai ba, kujerar ta yi rawa a ƙarƙashinta.

"Riƙe mini nan," in ji ta.

Na kama bakin tef ɗin na danna shi a jikin bango. Ta ja nata gefen har ya miƙe, ta matso da idonta ta karanta lambar, ta rubuta a 'yar takardarta. Ta sauko, ta mayar da kujerar daidai inda ta ɗauke ta, ta sa gefen mayafinta ta goge sawun ƙafarta daga kai.